Koya wa manya ba da labarin jiya da Turanci a Aboabo

Ajin dare da nake koyarwa a Aboabo, cikin Kumasi a ƙasar Ghana, ba na yara ba ne. Akwai tela, akwai dattijo mai sayar da goro, akwai yaron mota da ke bin tirotiro, wato motar haya, a hanyar kasuwar Kejetia, da wata Hajiya mai waakye wadda takan iso bayan isha'i da ƙamshin shito a mayafinta. Dukkansu suna ciniki da Turanci ba tare da tafinta ba. Inda ake samun cikas shi ne idan likita ko ma'aikacin ofis ya ce su faɗi abin da ya faru, ko kuma a ce su rubuta. Samari biyu kuma suna shirin jarrabawar kammala sakandare, WASSCE, ta masu zaman kansu, wadda ake ce wa Nov/Dec.

Tushen matsalar daga bakinmu yake. A Hausa, wakilin suna ne ke nuna lokaci: na saya, zan saya, nakan saya. Aikatau yana nan yadda yake. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake taɓawa, buy ya koma bought. Burokan Turancin titi ya ƙara dagula lissafi, don a can I go pay na nufin zan biya, kuma mutum zai ce I pay am yestee ba wanda zai ɗaga kai. Kunnen da ya shekara talatin yana jin haka ba zai sauya a dare ɗaya ba.

Ban ba su jerin aikatau su haddace ba. Mutanen da suka yi karatun allo ba su da matsalar hadda, za su kawo maka go, went, gone da kyakkyawar ƙira'a, gobe kuma su ce yesterday I go. Sai na ce kowa ya faɗi abin da ya yi tun daga asuba, ni kuma ina rubuta aikatau a allo. Da muka duba, kusan duk na sana'a masu taurin kai ne: sold, brought, took, gave, cut. Masu bin ƙa'idar -ed ba su ci mana lokaci ba, in ban da furuci: ƙarshen walked t ne, na called d ne, sai a irin wanted da needed ake ƙara gaɓa.

Batun did kuwa, yaron motar ne ya fi saurin kamawa. Na ce masa did tamkar kayayo ce, wato 'yar dako, a Kejetia: in ta ɗauki kaya, mai kaya hannu sake yake bin ta. Tunda did ta ɗauke lokacin, aikatau sai ya koma yadda yake. Did you go, ba did you went ba. I didn't see him, ba didn't saw ba.

Inda muka daɗe shi ne bambancin I ate da I have eaten, domin mu duka biyun na ci muke cewa. Nan tarihin ƙasa ya yi mana rana, tunda kowa ya san shi. Ghana became independent on 6 March 1957: an ambaci rana, ranar ta wuce, magana ta rufe. Nkrumah ruled until 1966, shi ma an gama. Amma Otumfuo Osei Tutu II has been Asantehene since 1999, saboda har yau yana kan gadon sarautar Asante a fadar Manhyia. Da ka ce was, ka sauke sarki da bakinka. Dattijon goro ya yi dariya har da tafi, ya ce a garin nan dai ba shi zai yi wannan kuskure ba.

Hajiya ta ce, "Malam, to ni da na je Makka na dawo fa?" Na ce, "Hajiya, in so kike a san kin taɓa zuwa, I have been to Mecca. Da kin ambaci shekara, ko kin ce last year, sai ki koma I went." Daga nan muka gano cewa taɓa ɗin Hausa jagora ce mai kyau: na taɓa, ban taɓa ba, ka taɓa, kusan duk have suke nema. Haka has gone da has been. Alhaji has gone to Tamale, yana can ko yana hanya, kada a ajiye masa tuwo. Alhaji has been to Tamale, ya je ya dawo. A ganina, wanda ya riƙe wannan ƙa'ida guda, cewa have ba ta zama da yesterday, ago ko last week, ya wuce rabin wahalar.

Sauran sun zo da sauƙi, don Hausa tana da kwatankwacinsu. Telan ya ce yana cikin ɗinki sai aka ɗauke wuta, wanda duk ya ga zamanin dumsor, na yawan ɗauke wuta, ya san wannan labari: I was sewing when the light went off. Mai tsawo ya ɗauki was da -ing, wanda ya katse shi ya zo a gajarce. Kafin in isa tasha mota ta riga ta tashi: the bus had left before I got there. Sai dai na ja musu kunne a kan had, don wasu sun ɗauka ado ce ta 'yan boko, suna yayyafa ta ko'ina. Aikinta nuna wanda ya riga wani ne a cikin abubuwa biyu da suka wuce. Used to kuma da kuɗi muka koye ta, tunda manyan ajin sun tuna 2007, lokacin da tsohuwar sidi 10,000 ta koma sidi 1: we used to count in thousands.

Irin su had been selling ban sa su a gaban kowa ba, sai samarin Nov/Dec, su ma bayan an tashi, saboda masu jarrabawa na iya tambaya. Sauran aikin gidansu bai sauya ba: layi biyar a kan abin da suka yi jiya, a karanta da ƙarfi a gaban aji.