Ranar da na sa aka kwance fedar keken Mamana

Wata huɗu keken nan ya yi a jingine a zaure yana shan ƙura. Da ƙaramar sallah na saya wa 'yata, wadda nake kira Mamana don sunan mahaifiyata ta ci. Ɗan Kwatano ne, ja, mai taya inci 12, da 'yan tayoyi biyu a gefe. Shekararta uku da rabi. A tsakar gida, kan siminti, takan ɗan taɓa. Amma da mun fita layi, inda ƙasa ke da tudu da kwari, sai tayoyin gefen su ɗage tayar baya, ta yi ta murza feda taya na juyawa a iska. Sau biyu ya kifar da ita a kwana. Daga nan ta ce ita ba ta so.

Ni da keken haya na koya. A biya mai haya, ya dubi agogo, yayana ya riƙe sirdi yana bina da gudu, can sai ya saki bai faɗa mini ba. A kwata na ƙare. Tabon yana gwiwata ta hagu har yau, kuma na daɗe ban sake yarda wani ya riƙe mini keke ba. Ban so Mamana ta fara da irin wannan tsoron.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Jamus ne ya ce mini a can yara da keke marar feda suke farawa, wasu tun suna shekara biyu: yaro ya zauna, ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Ashe ma asalin keke ke nan. Wanda Karl Drais, Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, ya hau a garin Mannheim na Jamus a 1817 na katako ne, babu feda, sai wajen 1860 da 'yan kai aka sa masa ita a Faransa. Yanzu akwai kamfanoni irin su Strider na Amurka da ke ƙera na yara musamman. Ni dai ban saya ba. Na saɓi namu na kai wa mai gyara a bakin titi.

"Malam, keke ba feda, ai ya zama amalanke," in ji shi. Amma ya ɗauko sifana mai lamba 15. A nan na ga ashe fedar hagu a juye ake kwance ta, wato ta inda ake ɗaure ta dama. Shi ne ma ya ba da shawara a cire hannun fedar da sarƙar gaba ɗaya, kada su riƙa bugun ƙaurinta. Ya kwance tayoyin gefe, ya sauke sirdi har sai da tafin ƙafafunta biyu suka zauna daram a ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Wannan saukewar ita ce kan aikin. Yaron da ya san ƙasa na ƙarƙashin ƙafarsa ba ya firgita.

Satin farko ko zama ba ta yi. Tafiya take da keken a tsakanin ƙafafunta. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in ce ta zauna, mahaifiyarta ta ce, "Abban Mama, ƙyale ta." Na ƙyale. Sati na biyu ta zauna da kanta, takunta ya fara tsawo.

Sai da na zuba ido na gane abin da jikina ya sani shekara talatin ban taɓa lura ba. Idan keke ya karkata dama, mai shi kan ɗan murɗa kan keken dama, sai ya miƙe. Ba a koyar da wannan da baki, sai keken ya karkata jiki ya ji. Tayoyin gefe kuwa karkatar suke hanawa, shi ya sa yaro zai shekara a kansu, ranar da aka cire ya koma ɗan koyo. Haka hannun uba ma yake idan ya damƙe sirdi. Na daina taɓa keken sam. In ta nemi taimako, tafin hannuna nake ɗorawa a tsakanin kafaɗunta, kuma kafin in ɗauke sai na gaya mata.

Na hana ta sa silifas, domin da ƙafa take birki, sai takalmi rufaffe. Hular kwano ma dole ce, ko da 'yan layinmu na kallo.

A sati na uku, bayan la'asar, a filin firamaren unguwarmu inda akwai 'yar gangara, ta tura sau uku ta ɗage ƙafafu. Na ƙirga har biyar kafin ta sauke. Ta waiwayo ta ce, "Abba, ka gani?" Na gani, idona har ya kawo ruwa.

Fedodin na cikin leda a saman durowa. Jiya ta tambaye ni yaushe za a mayar. Na ce ranar da ta taso daga gindin darbejiya ta kai ƙofar aji ba ta taka ƙasa ba. Yau saura taku kamar goma.