Shekara biyu ina tonon tarihin Nicodemus, jiya na ajiye makulli

Jiya na miƙa makullin ofis na kwashe littattafaina, to bari in amayar da abin da ke cikina tun kafin in huce in fara cewa ai ba komai. Ku da kuka taɓa yi wa furofesa aikin bincike a nan Amurka kun san kayanku, ba sai na tsaya lissafa muku daren da na raba a laburare ina juya tsofaffin jaridu har ido na ruwa ba.

Aikin namu a kan wani ɗan gari ne a jihar Kansas, Nicodemus, bakin kogin Solomon. Baƙaƙen fata da suka fito daga bauta ne suka kafa shi a 1877, akasarinsu daga Kentucky, an kwaɗaita musu fili eka 160, in ka zauna ka noma shekara biyar ya zama naka. Da suka iso ba gida ba itacen kirki, fili fetal, haka suka haƙa ramuka a jikin tudu suka rufa suka shige, daga nesa hayaƙi kawai za ka hango yana fitowa daga ƙasa. Amma cikin shekara goma garin ya yi banki da otal da shaguna da jaridu har biyu, kuma mutuminsu Edward McCabe ya ci zaɓen oditan jiha sukutum a 1882. Sai jirgin ƙasa ya yi musu tsiya, sun gama sa rai dogo zai ratsa garin, kamfanin Union Pacific ya bi ta ƙetaren kogi aka yi tasha a Bogue wajen 1888, 'yan kasuwa suka tattara suka bi dogo, wasu har gininsu suka ɗauke.

To a nan oga, furofesan da nake wa aiki, ya maƙale. Shi da hannunsa ya rubuta min kan jawabin da zan gabatar a garin, wai garin da ya mutu a 1888. Na ce Furofesa anya kuwa, ai har yanzu akwai mutane a ciki? Ya ce haka ya fi jan hankali. Na yi shiru, don biza da ɗan alawus ɗina duk a bakin bironsa suke.

Ƙarshen watan Yuli jikokin garin kan dawo daga ko'ina don bikin tunawa da 'yanci da suke yi duk shekara, a gabansu aka tsayar da ni in karanta. Ban kai minti biyar ba wata tsohuwa mai faffaɗar hula ta ɗaga sandarta, ba faɗa ba hayaniya, ta ce ɗan nan, in garin ya mutu a 1888 ni a ina aka haife ni? Ta nuna zauren taron garin da aka gina da dutsen wurin a 1939, ta ce matattu ne suka ɗora wannan? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina cikin in-ina oga ya miƙe yana murmushi ya ce a yi min uzuri, baƙo ne daga Afirka, yanzu yake koyon tarihinmu. Mutumin da ya rubuta kan jawabin fa! A mota ɗaya muka koma, awa da awanni, ko uffan bai ce ba sai rediyo da ya kunna.

Gaskiya ni ma da laifina, kuma shi ya fi ci na. Wata goma sha huɗu ina ƙirga shagunan da suka rufe, ban ƙirga gonakin da ba a sayar ba, ban taɓa zama da mutum ɗaya ɗan garin ba, ni da na tashi a gidan da tarihin zuriya a bakin kaka ake jin sa. Kasuwa ce ta tashi, manoma da cocinsu da makarantarsu suna nan, kuma jikokin nan ne suka yi ta faɗi tashi har majalisar Amurka ta mayar da wurin na tarihin ƙasa a 1996, da gine-gine biyar.

Na koma da kuɗin maina, sau bakwai. Tsohuwar nan a kicin ɗinta ta zaunar da ni ta fito da gwangwanin biskit cike da hotuna da takardun gona, tana yi tana min tsiya ina naɗa a waya. Na sake rubuta binciken daga tushe. Da takardar ta fito sunan oga ne a sama, nawa yana can ƙasa wajen godiya, kusa da na mai gyaran firinta.

Masu zuwa bayana, duk abin da oga ya ce ku rubuta ku sa ya turo ta imel, ku ajiye. Kar ku yarda da kan jawabi don ya yi daɗin ji. Ku sayi rigar sanyi tun Oktoba, iskar Kansas ba ta da mutunci.

Muryoyin da na naɗa kuwa na kai wa kowane gida nasa tun makon jiya. Yau da safe oga ya turo saƙo wai yana neman lambar sirrin faifan, na gani, ina dai shan shayi tukuna.