Kada a yi rowar kuɗin rubutun talla

Mutum zai yi shekaru yana tara jari, ya kama shago, ya yi fenti, ya sa kanta, ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC, ya saro kaya, duk bai ji ƙyashin ko kwabo ba. Amma da an zo kan maganar da za a gabatar da kasuwancin da ita ga jama'a, sai ya miƙa wa ƙanensa waya ya ce, "Ɗan rubuta mana wani abu, kai da ka yi boko." Na sha ganin haka a shekarun da na yi a sashen talla na wani gidan rediyo a Kano, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin galibin masu yin hakan kayansu nagari ne.

Abin da aikin ya fara koya mini lissafi ne. Tallan rediyo galibi sakan 30 ne ko 60, kuma duk sawun da aka sa shi sai an biya. Wanda ya sayi lokaci na wata guda, safe da yamma, kuɗin da ya zuba ya ninka ladan marubuci nesa ba kusa ba. In rubutun bai faɗi komai ba, kullum sai ya sake biya a maimaita maganar da ba ta kawo kowa. Haka takardar da ake mannawa a jikin kwalba ko ledar kaya: dubbai ake bugawa lokaci ɗaya, kuskure ɗaya ya shiga, ya shiga duka.

Wata baiwar Allah mai haɗa turaren wuta da humra ta taɓa kawo mana takardar da aka rubuta mata a gida. Rabinta gaisuwa ce da godiya, sauran kuma abin da kowa ke faɗi: inganci da rahusa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Da za a cire sunanta a sa na mai sayar da taya, ba abin da zai canza. Babban marubucinmu, dattijo mai haƙuri, bai ɗauki biro ba. Ya gyara mata kujera ya ce, "Hajiya, su wa suka fi yi miki ciniki?" Ta ce iyayen amare. Ya ce, "To, me suke fara tambaya?" Nan fa baki ya buɗe. Suna tambaya ko ƙamshin yana kama labule da kayan sawa ya kwana, ko hayaƙin yana shaƙe mutum, ko za ta iya gama na ɗakin amarya kafin ranar jere, ko tana aikawa Kaduna da Abuja ta tasha. Duk amsoshin tana da su, kuma masu daɗin ji ne. Ba ta taɓa tunanin su ne tallan ba.

Rubutun da ya fito daga wannan zama gajere ne. Ya buɗe da uwar amarya da biki ya matso mata, ya faɗi kwana nawa aikin ke ɗauka, ya faɗi unguwa da alamar da za a gane shagon, aka karanta lambar waya sau biyu a tsanake. Bayan haka ta ce mana masu kiranta sun daina cewa "me kike sayarwa?", sun koma cewa "bikina wata mai zuwa ne, za ki iya?" A wurina wannan ita ce shaidar cewa rubutu ya yi aiki.

A nan na gane cewa abin da ake biya ba iya tsara kalmomi ba ne kawai. Mai kaya ya san kayansa har ya daina ganinsu. Yana so ya faɗi wahalar da ya sha da tsadar da ya saro, mai saye kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ƙwararren marubuci yakan tsaya a gefen mai saye ya yi tambayoyin da shi zai yi, sannan ya san abin da zai zubar. Zubarwar ita ce mai wuya, don babu mai kayan da yake yarda a bar komai nasa a waje.

Akwai kuma batun doka, wanda sabon ɗan kasuwa bai cika sanin da shi ba. A 2022 aka yi dokar da ta kafa hukumar ARCON a madadin tsohuwar hukumar APCON, ARCON ɗin ce ke kula da harkar talla a Najeriya, kuma ƙa'idarta ita ce a tantance talla kafin a yaɗa shi. Mai sayar da abinci, magani ko kayan shafa yana da NAFDAC a kansa, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana duba abin da ake faɗi a kan kayan da ke ƙarƙashinta. Masu maganin gargajiya sukan zo da takarda ɗaya mai warkar da basir, hawan jini, ciwon suga da sanyi a kwalba guda. Marubucin da ya san aikinsa zai ce, "Malam, wannan ba za mu faɗe shi ba." Wasu su yi fushi su tafi. Ni dai ina ganin ranar ce ya fi yi wa mutumin amfani, domin alkawarin da kaya ba za su cika ba mutunci yake ci, kuma yana iya cutar da marar lafiyar da ya yarda ya ajiye maganin asibiti.

Abin mamakin shi ne biyan mai iya magana ba baƙon abu ba ne a kasuwancinmu. A Kantin Kwari ko Dawanau ba wanda ke musun la'adar dillali, alhali bakinsa da sanin mutanensa kawai ya zo da su. Marubucin talla dillali ne da ke yi maka magana a wuraren da ƙafarka ba ta zuwa, a rediyon mai shayi, a jikin leda, a wayar matar da ke duba WhatsApp bayan sallar isha'i.

Na san jarin farko ba ya isar komai, kuma ba na cewa a ci bashi don talla. Mai ƙaramin ƙarfi ya biya a rubuta masa abubuwan da za su daɗe: bayanin da ke jikin kaya, 'yan layukan da ke saman shafinsa na Facebook ko Instagram, da saƙon da zai riƙa tura wa duk wanda ya tambayi farashi. Sauran na yau da kullum zai iya yi da kansa, yana bin salon da aka shimfiɗa masa. Kafin ya biya kuma ya nemi ganin ayyukan da mutumin ya yi a baya, ya duba ko yana kiyaye ƙa'idar rubutun Hausa, ko yana raba kalmomi daidai yana sa haruffa masu lanƙwasa. In marubucin ya yanke farashi tun bai tambayi su wa ke saye ba, a nemi wani.