Wanda ya sayi gida a bakin teku, har da tekun ya saya?

A harkarmu ta dillancin gidaje a Legas, sai ka ga gida biyu a bene ɗaya, girmansu ɗaya, tayil ɗinsu ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban. Wanda tagarsa ke kallon ruwa ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma masu saye na biya ba gardama. Kwanan baya wani Alhaji ɗan canji ya yi min tambayar da ba a cika yi ba. Muna tsaye a barandar hawa na shida a wajen Lekki, ya nuna wani fili a gabanmu da aka kewaye da kwano, maigadi ya shanya wankinsa a kan tulin bulo. Ya ce, "Malam, ranar da mai filin can ya ta da gini, tekun nan da kake sayar min ina zai shiga?"

Na ce, "Alhaji, gidan nake sayarwa, teku na Allah ne." Ya yi dariya. Amma ko lauya ya je wa, amsar ke nan, sai dai shi zai caje shi.

Dokar da muka gada daga Ingila ba ta ɗauki abin da ido ke hangowa a matsayin dukiya ba. Tun 1610, a shari'ar wani mutum mai suna Aldred da maƙwabcinsa ya kafa masa garken aladu a jikin gida, alƙalai suka raba abin biyu. Wari da toshe haske cutarwa ce, kotu za ta saurare ka. Kyan wurin da kake hange kuwa jin daɗi ne, ba larura ba, babu ƙara a kansa. Malamanmu na Malikiyya ma ba su yi nisa da nan ba. Ba sa hana mutum ɗaga gininsa don kawai ya tare wa maƙwabci rana ko iska, amma suna hana shi buɗe tagar da za ta leƙa tsakar gidan wani. Mu dai abin da muka taso muna karewa sutura ce: kada a hango iyalinka. Kai ka hango waje, wannan ba a taɓa yi maka alkawarinsa ba.

Duk wanda ya san Victoria Island a da ya ga wannan da idonsa. Titin Ahmadu Bello gefen ruwa yake bi, ofisoshin jihohi a jere suna fuskantar teku, ɗaya gefen kuma Bar Beach: masu haya da doki, masu tsire, masu fararen riguna suna addu'a a kan yashi. Ruwan bai bar su lafiya ba. Tun da Turawa suka gina katangun dutse a mashigar tashar jirgin ruwa tsakanin 1908 da 1912, yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma ya daina isowa, teku ya yi ta cin gaɓa har yana malalowa kan titi. Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic: cike teku da yashi don gina sabon gari a kai, wajen murabba'in kilomita 10 bisa tsari, da katangar dutse a gabansa. A 2013 aka yi bikinsa, har da Shugaba Jonathan da Bill Clinton. Ambaliyar ta lafa, wannan gaskiya ne. Amma gidajen da ke sahun farko sun wayi gari a sahun baya, alhali ko bulo ɗaya ba a taɓa musu ba.

Akwai inda aka nemi tsaka-tsaki. A jihar da birnin Sidni yake a Ostireliya, kotun filaye da muhalli ta shimfiɗa wata ƙa'ida a 2004, a shari'ar kamfanin Tenacity da ƙaramar hukumar Warringah. Ba ta mallaka wa kowa teku ba. Cewa ta yi kafin a ba da izinin gini a duba abin da maƙwabci zai rasa. Hangen ruwa ya fi na tudu daraja, wanda ake yi daga falo ko kicin ya fi na ɗakin kwana, har ana tambaya ko a tsaye ake gani ko a zaune. Tambayarsu ta ƙarshe ta fi burge ni: da mai zanen ya ƙara ƙwarewa, zai iya ba mai gini adadin ɗakunansa ba tare da ya toshe wa na baya ba? Sau da yawa matsar da bene kaɗan ko sauya rufi ya isa.

Ni dai ba na goyon bayan dokar da za ta ce wanda ya riga gini ya mallaki sararin gabansa har abada. A garin da mutane ke kwana a ƙarƙashin gada, ba za a hana gina gidaje hamsin don baranda ɗaya ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne lebura ko ɗan acaɓa da a da yake zuwa Bar Beach ran Lahadi ya zauna kyauta, yau kusan duk gaɓar da ya nufa sai ya biya kuɗin ƙofa. In za a yi doka, ta fara da barin hanyar da kowa zai bi ya isa ruwa, sannan a kafe tsawon bene na kowace unguwa a rubuce, ba yau hawa huɗu gobe sha biyar ba. Kuma wannan aikin gwamnatin jiha ne, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara gari hurumin jihohi ne.

Kafin nan, mai saye ya taimaki kansa. Ya je ofishin ba da izinin gini ya tambayi hawa nawa aka yarda a yi a filin da ke gabansa. In filin da gidan duk na kamfani ɗaya ne, ya sa lauyansa ya rubuta sharaɗin iyakar tsawo a takardar cinikin, a yi rajistarta yadda za ta hau kan duk wanda ya sayi filin daga baya. In kamfanin ya ƙi sa hannu, to a cire kuɗin teku daga farashin.