Yau an sauke GTI ƙasa

Asabar, sha ɗaya na dare ta wuce

Hannuna har yanzu warin giris yake, bayana kuma kamar an min dukan tsiya, amma bari in rubuta tun ban manta ba. Yau dai an sauke motar, wato an rage mata tsayi. Golf GTI ce Mk7, ta 2017, kuma tun daga kamfani an rage mata tsayi da milimita 15 a kan Golf ta gama-gari, amma ni duk sanda na hango gibin nan tsakanin taya da bodi sai raina ya sosu, yatsuna uku cur suke shigewa.

Wata biyu ina ta kai-kawo, sifirin kaɗai zan canza ko koiloba gaba ɗaya, wato shakazoba da sifirin a haɗe. Koiloba ta fi daɗi don kana iya murɗa ta sama ko ƙasa yadda ka ga dama, matsalar ita ce tawa tana da DCC, wato shakazoba mai waya da kwamfutar motar ke sarrafawa, in ka cire ta sai dashbod ya hau ƙorafi sai ka sa wata 'yar na'ura da za ta yaudare shi, kuma Comfort da Sport ɗin nan, saitin taushi da na tauri, da nake taƙama da su sun zama ado kenan. Shi yasa na tsaya a sifirin, mai sauke ta kamar milimita 25.

Yaya ya iso ƙarfe takwas da akwatin kayan aikinsa. Ni har na ɗauko jak, ya ce "kai yaro ajiye, kawo tef." Daga tsakiyar wili ya auna zuwa bakin bodi, duka huɗun, ya rubuta a jikin kwali, wai in ka auna daga ƙasa iskar taya za ta yi maka ƙarya.

Gaba ne ya cinye mana yini. Ƙasan shakazobar a matse yake cikin wani ƙarfe mai tsaga, boltin da ya riƙe shi kuma mai baki sha biyu ne, sifana ta yau da kullum ba ta kama shi, bayan ka kwance sai ka cusa wani ɗan ƙarfe a tsagar ka buɗa ta kafin abin ya yarda ya zame. Na hagu kaɗai awa biyu. Sai matse sifirin, wanda wallahi shi ne abin da na fi tsoro, kana ɗaurewa kana jin ƙarfe na ƙara ƙis ƙis, Yaya na ta cewa kar in kuskura in sa fuskata saitin bakinsa. Ban sa ba kam, har da ja da baya.

Baya sauƙi ne, sifirin daban shakazoba daban, ka kwance bolti ka sassauta jak hannun ƙasan ya sauko ka zare. To sauƙin ne ya ja min. A jikin hannun hagu akwai wata 'yar sensa mai siririn hannun roba, bai kai tsawon biro ba, ita ke gaya wa mota yadda bayanta ya zauna. Na manta ban cire ta ba na saki jak da sauri, sai ji nayi Yaya ya ce "haba ƙanena!" Muka leƙa, bata karye ba, muka ce shikenan.

Mun ɗan yi musu wajen ɗaurewa. Ni so nake in tamke komai tun tana sama mu huta, shi kuma ya dage sai nauyin motar ya hau kan ƙafafun tukuna, don in ka ɗaure tana rataye robobin buushin za su zauna a murɗe kullum, ba za su yi ƙarko ba. Ya kuma hana ni mayar da tsofaffin boltin, irin masu miƙewa ne in an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su. Gaskiyarsa ce, gajiya ce kawai take magana a bakina.

Da aka sauke ta na koma gefe na tsaya ina kallo kamar ba tawa ba. Yatsa ɗaya da rabi yanzu. Har hoto na ɗauka wajen goma.

Duhu na yi muka fita gwaji, ko kwanar farko ba mu sha ba gargaɗi ya fito a dashbod, fitilu kuma suna haska gindin bamba kawai, gaba baƙi ƙirin. Ashe hannun sensar nan juyewa yayi ta baibai, motar tana ganin kamar an danƙara mata kaya a but, sai ta dunƙufar da fitila. Muka dawo, aka sake ɗaga ta, ni ne a kwance a ƙasa da tocila a baki ina juya abin da yatsa biyu, sannan Yaya ya jona kwamfutarsa ta OBD, mai magana da kwamfutar mota, ya sake koya mata sabon tsayinta, muka daidaita hasken a jikin bango. Abin roba ɗan mitsitsi ya ci mana awa guda da rabi.

Tuƙin kuwa, a kwana ta daina kwantawa gefe kamar da, sitiyari ya ƙara kaifi. Amma kan gargada tana faɗa maka gaskiya, ko a Comfort, don tazarar da shakazoba ke da ita kafin ta daki robar ƙarshe ta ragu. Tudun rage gudu kuma yanzu sai a karkace, na farko da na hau kai tsaye na ji leɓen bamba ya ce ƙurrr, har cikin haƙorina.

Saura alaimen. Sauke mota yana kwantar da kan tayoyi ciki ya kuma canza saitinsu, in ka ƙyale sai su cinye ta gefen ciki. Yaya ya ce in bari sifirin ya zauna kamar sati guda tukuna, kafin nan banda tafiya mai nisa banda gudu. Na liƙa kwalin awon a bangon gareji, ranar Asabar mai zuwa in sake aunawa.