Wasiƙa daga Amurka: Abin da na kasa faɗa wa Inna

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato. Ya zafin bazara? Mu nan sai yanzu ƙanƙara ta fara narkewa.

Tambayar Inna ce ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Muna waya ta ce, "Wai kai mi kaka karantawa can, shekara biyu ba ka ƙare ba?" Na yi ta kame-kame har katinta ya ƙare.

Fannin namu, in da Hausa ne, sai a ce kimiyyar kayan ƙira: ƙarfe, siminti, gilashi, yumɓu, roba. Muna bin diddigin yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin abu, don jerin ne ke sa wani ya yi tauri, wani ya lanƙwashe, wani ya tarwatse. Mai digiri na uku a nan ba ya faɗawa bincike kai tsaye, sai ya sha aji tukuna. Akwai darasin zafi da yadda yake juya abu, akwai na auna jerin zarra da hasken eksire, hanyar da wani masanin kimiyya mai suna Bragg da ɗansa suka buɗe a 1913, suka karɓi kyautar Nobel tare a 1915. Daga baya a zaunar da kai gaban malamai su yi ta jefo tambayoyi.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na ƙarfe da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi. Idan ƙarfe ya wuce zafin digiri 727, zarrar cikinsa tana fara sauya jeri. Ka bar shi ya huce a hankali, ya yi laushi. Ka tsoma shi a ruwa yana ja, kabon ya rasa lokacin matsawa, ya maƙale a inda yake, ƙarfen ya yi tauri amma ya zama mai saurin karyewa. Sai an sake ɗumama shi kaɗan kafin saurin karyewar ya ragu. Malami na zane a allo, ni kuwa Maƙera Asada, unguwar maƙeran Sakkwato, nake gani. Maƙerin gida da ido yake karanta launin wuta, mu da na'ura.

Duk wannan da sauƙi a kan ajin magana. E, aji ne sukutum, da maki. Ranar da na fara gabatar da aikina na cika allo da lissafi, na yi minti ashirin ina zuba, a raina na burge. Malamar ta ce in faɗi abu ɗaya da nake so su tafi da shi gida. Shiru. Ta sa aka ɗauke ni bidiyo, na ga kaina na ba mutane baya ina karanta wa allo. Daga nan aka koya mana rubuta taƙaitaccen bayani, da zana jadawalin da za a gane ba sai an tambaya ba, da cewa "ban sani ba" ba tare da jin kunya ba. Akwai ma gasar da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008: bincikenka duka a minti uku, hoto ɗaya tak, ka wuce lokaci an cire ka.

Na ɗauka baƙon abu ne, sai na tuna Nana Asma'u. Ilimin da ke cikin Larabci ta mayar waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jajis, wato malamai matan da ta horar, suka kai wa matan ƙauye. Mu da muka gaji wannan ne muke haddace takardar malami mu amayar ranar jarrabawa.

Ƙannena na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu son wannan fanni, ga gwaji kafin ku nemi gurbi. Kalambaina, inda masana'antar siminti take, na kusa. Ku bayyana wa ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ku dalilin da ake gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin kusan digiri 1450 kafin su zama siminti, ku gama kafin a iso ƙofar makaranta.

Jiya na sake kiran Inna, na fara mata da wuƙar yankan albasarta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To ai ƙira ce. Mi ya hana ka ce ƙira tun farko?"

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Wani ɗalibi ɗan Sakkwato