Ɗan kifin da ke kiwo a kan dutse

Cikin duk kifayen ado da muke sayarwa a shagonmu a nan Kano, akwai guda ɗaya da ba na bari mutum ya tafi da shi ranar da ya fara ganinsa. Sunansa Stiphodon. Tsawonsa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, kuma asalinsa ƙananan rafuka ne na tsibiran Indunusiya da Filifin da kudancin Japan, inda ruwa ke gudu garau a kan duwatsu. Namijin idan ya saki jiki, wani shuɗi ne mai ɗaukar ido ke fita a gefensa. Macen ba ta da wannan ado, fari-fari ce da layuka masu duhu daga kai zuwa wutsiya.

Fikafikansa biyu na ciki sun haɗe wuri guda, suna kama dutse kamar ƙahon wanzami, shi ya sa ruwa komai ƙarfinsa ba ya kwashe shi. Bakinsa a ƙasa yake, da shi yake kankare gansakuka da santsin nan da ke fita a kan dutsen da ya daɗe cikin ruwa. Abincinsa ke nan. Sai ka ga ya lafe a kan dutse yana gurgura, ya matsa kaɗan, ya bar fili fes a bayansa.

A nan ne masu kwaikwayon sana'ar suke cutar mutane. Sai su ce wa mai saye "mai share gilashi ne, ba ya buƙatar komai", su jefa shi cikin sabon akwatin gilashi na kifi mai tsabta fes, babu abin da zai ci. Bayan 'yan makonni cikinsa ya lotsa, ya mutu, a ce kifin ne ba shi da ƙwari. Yunwa ce ta kashe shi.

Mu kafin kifi ya bar hannunmu sai akwatin mai saye ya yi aƙalla wata biyu yana aiki da ruwa da fitila. A bayan shago ina da robobi da na jera a rana, cike da duwatsun rafi masu santsi, ina barin su har su yi kore shar. Duk wanda ya saya ina ba shi kashi biyu, ɗaya a cikin akwati, ɗaya a roba a tsakar gidansa, yana musanyawa idan an cinye. Ƙasan akwatin yashi muke zubawa mai laushi, don namijin yana haƙa rami ƙarƙashin dutse, kuma dole manyan duwatsun su zauna a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashin, kada ya haƙe su su danne shi. Murfi kuma ba a wasa da shi, domin kifin da ke hawan gangaren ruwa a daji gilashi ba ya gagararsa.

Yankan gilashi a wurin kawuna na koya, wanda tagogi da madubai yake yi. Shi ya nuna min yadda ake jan lu'ulu'un yankan gilashi sau ɗaya tak, ba a maimaitawa, da yadda ake goge baki har ka bi da yatsa ba ka ji kaifi ba. Har gobe haka nake yi. Akwati mai santimita 60 da gilashi mai kaurin milimita 6 nake haɗa shi, da silikon na akwatin kifi zalla. Masu akwati mai araha silikon na banɗaki suke sawa, mai maganin fumfuna a ciki, wanda guba ne ga kifi. Mutum ya zo yana cewa "Malam, ai can rabin kuɗin nan ne", ni kuwa sai in ce masa ya je ya tambaye su da wane gam suka haɗa.

Babban aikinmu a nan shi ne zafi. Kifin yana son ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 28, ga shi a watan Afrilu garin nan yana haura 40, kuma ruwa idan ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take. A ɗauke wuta, famfo ya tsaya, kifin nan ne zai fara galabaita. Don haka kowane akwati namu yana tafiya da na'urar kumfa mai batir da ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan, kuma ina roƙon mai gida ya ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi.

Kusan duk wanda ke kasuwa kamo shi aka yi daga rafi. Ƙwai a ƙarƙashin dutse suke yi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe ruwa ya tafi da su teku, sai sun yi ɗan wayo su dawo su hau rafi, abin da da wuya a iya yi musu a gida. Wannan ya sa nake jin ciwon yadda wasu dillalai ke turo mana su ta Legas a rame, sun kwana da kwanaki babu ci. Nakan ware su mako uku a kan koren dutse, sai na ga ciki ya ciko nake sa musu kuɗi. Mai so ya fara zuwa mu auna wurin da akwatin zai zauna, kuma ya fi kyau a fara da shigowar sanyi, kifin ya saba da gidan kafin bazara.